Kafin ku kona tsohuwar takardar kudin kaka, ku duba sunan wa ke samanta

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikata, dan Allah ina rokon dan fili a shafin wasiku, ko da sai kun datse wasu wuraren, in yi magana kan wani abu da aka dade ana min dariya a kansa, wato tara tsofaffin takardun kudi na zamanin Turawa. Abin da ya tunzura ni har na dauko waya na hau rubutun nan shi ne, satin da ya wuce wasu makwabtanmu suka rushe tsohon dakin mahaifinsu da ya rasu za su yi sabon gini, aka fito da wata adaka duk ta yi tsatsa, a cikinta akwai takardu, yara suka debi wasu suka yi wasan 'yar kasuwa da su sauran kuma aka hada da shara aka cinna musu wuta. Ko da labari ya iske ni na garzayo, rabin guda daya kadai na tsinta a bakin kwata, gefenta ya kone amma ana iya karanta kalmar Afrique a jiki. Wallahi ranar ko tuwon dare ban ci da dadi ba.

Ni yadda na fada harkar nan ba wai boko ne ya kai ni ba. Kakana na wajen uba bafatake ne, tsakanin Katsina da Maradi ta Jibiya ya yi rayuwarsa, ya kai goro da turamen atamfa ya dawo da kanwa da fatu, wani lokacin har Damagaram yake dangana. Da ya rasu aka zo rabon gado manya suka dauki gona da gida da dabbobi, ni da nake dan yaro baffana ya miko min wata zabira ta fata ya ce ungo kai mai son tarkace. A cikinta na samu takardun kudi uku an nade su a kyalle. Daya ta fam guda ce, sule ashirin kenan, da hoton bishiyar kwakwar manja a tsakiya, sauran biyun kuma da Faransanci aka rubuta su, daya ta dala guda daya ta dala biyar, wato tamma 5 da tamma 25 kamar yadda 'yan uwanmu na Nijar ke lissafi har gobe.

Na fi shekara goma ina daukar duka ukun kudin gwamnati ne, daya na gwamnatin Ingila biyu na gwamnatin Faransa, shikenan. Sai da wani dan gwaggona da ya yi lakwal, wato makarantar boko ta Faransanci, a Maradi ya zo mana biki, na nuna masa, ya karanta layin da ke sama ya ce ai wannan ba sunan gwamnati ba ne sunan banki ne, Banque de l'Afrique Occidentale. Na ce to ai babban banki kenan irin namu na Abuja ko. Ya ce a'a, banki ne na 'yan kasuwa, mai masu hannun jari, mai ba da bashi yana cin riba, hedkwatarsa ma a Paris take. Na yi shiru. Wato kudin da kakana ya sha rana ya sha kura a kansu, kudin da talakan Maradi da Tasawa ke sayar da akuyarsa don ya samu ya biya haraji da su, wani kamfani ne ke buga su da sunansa a sama. Tun daga ranar duk takardar da ta shigo hannuna ba na fara duba hoton ko adadin, sunan da ke sama nake fara dubawa, waye ya yi alkawarin biya.

Bari in dan tsaya a kan wannan bankin don shi ne ya fi shafar mu. An kafa shi a 1901, ya gaji wani tsohon banki da ake kira Banque du Sénégal wanda aka yi dokar kafa shi a 1853 ya bude kofa a Saint-Louis a 1855. Kuma ka san da wane kudi aka kafa wancan na farkon? Da Faransa ta hana bauta a 1848 ta biya diyya, amma fa ba bayin aka biya ba, iyayen gijinsu aka biya, to daga cikin wannan diyyar ne aka cire wani kaso aka mayar da shi jarin banki. In ka rike takardar dala guda ta kakana asalin zuriyarta kenan. Faransa ta ba Banque de l'Afrique Occidentale izinin shi kadai zai buga kudin takarda a kasashen da take mulka a yammacin Afirka, har da Nijar, kuma izinin ya taba kaiwa har Kamaru da Chadi kafin yakin duniya na biyu ya raba su. Takardunsa na farko-farko har sunan garin da reshen yake ake bugawa a jiki, Dakar ko Conakry ko Grand-Bassam ko Porto-Novo, kuma masu tarawa yanzu kowane gari daban suke nemansa, takarda iri daya amma ta wani garin ta ninka ta wani a tsada saboda ba a buga ta da yawa ba. Ko da aka kirkiro sefa ranar 26 ga Disamba 1945 sunan wannan bankin dai aka ci gaba da bugawa, sai a 1955 aka karbe aikin daga hannunsa aka ba wata hukuma ta gwamnati, wadda daga baya a 1959 ta koma BCEAO, babban bankin kasashen yammacin Afirka masu kashe sefa. Shi kuma bankin bai mutu ba ya ci gaba da kasuwancinsa, a 1965 ya zama BIAO, kuma bankin BIA da ke Yamai yanzu jikansa ne.

Ita ta dala biyar din nan tawa tana da nata labarin. Shekarar 1942 ce a jikinta, kuma in ka sa ido sosai a can kasa za ka ga sunan kamfanin da ya buga ta, E. A. Wright, a birnin Philadelphia na Amurka. Me ya kai kudin Maradi Amurka? Jamus ta mamaye Faransa tun 1940, Turawan da ke mulkin Dakar da Yamai suka fara bin gwamnatin Vichy, wato gwamnatin Faransa mai biyayya ga Jamus, a lokacin ma aka rufe iyaka tsakanin Nijar da Najeriya don su da Ingila ba sa ga maciji, tsofaffinmu suna ba da labarin yadda fatauci ya koma sai da dare ta barauniyar hanya. A karshen 1942 suka juya suka koma bangaren su Amurka da Ingila, hanyar Paris ta toshe, babu inda za a samo sababbin takardu, shi ne aka kai aikin Amurka. Shi ya sa ma kamanninta ya bambanta da sauran, wadanda aka buga a Faransa launinsu mai taushi ne kamar zanen hannu a kan takarda marar kauri, ita kuwa wannan ka gan ta ka ga 'yar uwar dalar Amurka.

To a bangarenmu na Najeriya fa? Nan ne mutane da yawa ke rudewa, har wani mai sayar da kayan tarihi ya taba rantse min cewa fam mai kwakwar nan bankin da ya zama First Bank ne ya buga ta. Ba haka ba ne. Gaskiya ne bankin, wanda a lokacin ake kira Bank of British West Africa kuma Alfred Jones na kamfanin jiragen ruwa na Elder Dempster ya kafa a 1894, shi ne ke shigo da sulallan azurfa daga Ingila, amma da aka zo maganar kudin kasa sai Ingila ta kafa hukuma ta daban a 1912, West African Currency Board, tana zaune a Landan tana yi wa Najeriya da Gold Coast wato Ghana da Saliyo da Gambiya kudi iri daya, bankin ya zama wakilinta kawai mai ajiya da rarrabawa. Takardun hukumar sun fara fitowa a 1916, kuma mutanenmu ba su karbe su hannu bibbiyu ba, manomin gyada da ya saba da sule mai nauyi mai kara in an buga shi a dutse ka ce ya karbi takardar da gara za ta cinye a rumbu, ai sai dai in ba yadda zai yi, har ta kai 'yan canji na karbar takarda kasa da kudinta su ba ka karfe. Haka aka tafi har ranar 1 ga Yuli 1959 da babban bankin Najeriya ya fitar da namu. Kenan kakana in ya taso daga Katsina da safe da kudin hukuma a aljihu, yana tsallaka iyaka sai ya koma kudin kamfani, kasa daya ta Hausa, yare daya, kudi biyu masu iyayen giji daban-daban.

Abin da zai ba ka mamaki kuma, bankunan nan da muka sani a nan, wadanda ba a bari suka buga mana kudi ba, a wasu kasashen sun buga son ransu. Colonial Bank da aka kafa a 1836 shi ne ke buga kudi a tsibiran Karibiyan irin su Jamaika da Barbados da Trinidad, ya zo ya bude a Najeriya a 1917, a 1925 ya narke cikin Barclays DCO, wanda namu reshen shi ne ya zama Union Bank a 1979. Standard Bank da ya sayi Bank of West Africa, wato tsohon Bank of British West Africa din nan, a 1965 ya dade yana buga kudi a Afirka ta Kudu kafin a kafa musu babban banki a 1921, a Namibiya kuwa, lokacin ana ce mata South West Africa, shi da Barclays da wani Volkskas kowa fam dinsa yake bugawa har zuwa dab da shigowar rand a 1961. Ka shiga kasuwa da fam uku kowacce da sunan banki daban da launi daban kuma duk a karba. Akwai wata ta Royal Bank of Canada da aka yi wa kananan tsibiran Karibiyan da nake mafarkin mallaka, dala biyar ce amma an rubuta a jikinta cewa daidai take da fam daya da kwabo goma, saboda dalarsu sule hudu da kwabo biyu ce, duk wanda ya yi lissafin fam da sule da kwabo a firamare ya buga ya gani zai fito daidai.

Wani kanin kakata kuma da ya tafi Makka a kasa, ta Chadi ya shiga Sudan ya yi shekaru yana aikin auduga a Jazira kafin ya tara kudin jirgin ruwa, shi ya dawo da takardar National Bank of Egypt, don kudin Masar ake kashewa a Sudan kafin su yi nasu bayan samun 'yanci a 1956. Sunan ya yi kama da na gwamnati amma shi ma attajirai ne suka kafa shi a 1898, cikinsu har da Ernest Cassel na Landan. Wannan tana hannun jikokinsa sun hana ni, na yi roko na yi ban baki har na gaji, amma dai na samu sun cire ta daga cikin ledar burodin da take.

Inda harkar ta fi armashi wajen masu tarawa na duniya shi ne Hong Kong, don su har yau din nan bankunan kasuwanci uku ne ke buga musu kudi, HSBC da Standard Chartered da Bank of China wanda ya shigo a 1994, gwamnati ta dala goma kawai take fitarwa. HSBC tun 1865 yake abu daya. Da Japan ta kama garin a karshen 1941 sojojinta suka tarar da takardun bankin da ba a riga an sa musu hannu ba, suka tilasta wa manyan ma'aikatan bankin, har da shugabansu Vandeleur Grayburn, suka zauna suna sa hannu, shi Grayburn a kurkukun Stanley ya rasu a 1943, bayan yaki kuma a 1946 aka amince a biya wadannan takardun na dole kamar sauran. Masu tarawa suna gane su ta lambobin da ke jiki. Ni dai karfina bai kai nan ba, 'yar ta dala biyar ta HSBC ta wajajen 1970 nake da ita wadda wani dan kasuwar waya da ke zuwa Chana ya taho min da ita tsaraba, ita wannan an buga ta da yawa ba ta da wata tsada.

Kar a dauka kuma tsarin lafiya lau ya tafi. Takardar banki alkawari ce kawai, in bankin ya fadi alkawarin ya bi shi. Oriental Bank, wanda shi ya fara buga kudi a Hong Kong kuma yana cikin manyan bankunan Ingila a gabashin duniya, ya durkushe a 1884 bayan cuta ta kashe gonakin kofi na Silon wato Siri Lanka inda ya zuba bashi mai yawa, sai da gwamnan Silon ya fito ya ce gwamnati ta tsaya wa takardun sannan hankalin jama'a ya kwanta, daga nan gwamnatin can ta karbe buga kudi. Irin wannan ne ya sa a hankali aka yi ta kwace aikin daga hannun bankuna kasa bayan kasa, takardunsu kuma aka janye aka kona, shi ya sa wadanda suka tsira ba su da yawa.

Yanzu bari in zo kan abin da na san shi mutane ke jira, nawa ake saye. Dan Allah jama'a a yi hattara. Tun da aka fara yada jita-jitar nan a WhatsApp da TikTok cewa wai anini mai huda ko tsohon dutsen guga na gawayi ko tsohon keken dinki Turawa na saye miliyoyi, ba na sati ban samu kira ba, wani ya ce yana da fam ta 1950 da wani abu nawa zan ba shi, in na fada masa gaskiya sai ya ga kamar so nake in cuce shi. Yawancin abin da ke cikin adakokinmu kananan takardu ne da aka buga miliyoyinsu kuma sun sha hannu sun sha ninki sun sha manja, irin wadannan a kasuwar masu tarawa kudinsu bai taka kara ya karya ba, wata ko kudin cefanen kwana biyu ba za ta yi ba. Masu tsadar su ne manyan takardu irin ta jikka guda, wato tamma dubu, ta farkon zamani wadda talaka bai ma taba rikewa ba, ko masu sunan wani karamin reshe, ko wadda ta fito fes kamar yau aka buga ta, su ne ake kaiwa gwanjo a Landan wajen irin su Spink, kuma akwai kamfanonin da aikinsu kenan su duba takarda su ba ta maki daga 1 zuwa 70 su rufe ta a roba, ninki daya tak a tsakiya sai ya zubar da makin. Duk wanda ya ce maka ka turo kudin rajista ko kudin gwaji kafin Bature ya zo ya saya, dan damfara ne, ka rike kudinka.

Ni ma an taba yi min, ba zan boye ba. Wani a intanet ya turo min hoton ta tamma dari mai sunan Porto-Novo, na rude na tura kudi, da sako ya iso sai na ga hoton kwafi ne mai kala aka jika shi a ruwan shayi aka shanya don ya yi kamar ya tsufa, ka daga ta a rana babu hoton nan na boye da ke cikin takarda, ka shinshina kuma kamshin ganyen shayi na tashi. Bayan wata biyu na ga ya sake tallata wata mai lamba iri daya sak da tawa. Na bar shi da Allah, amma tana nan na ajiye ta ina nuna wa masu sha'awar farawa.

In Allah ya sa ka samu irin wadannan a gidanku, abin da zan roka kadan ne. Kar a wanke, kar a goge da dutsen guga, kar a lika salatif a inda ta yage, kar a daure da kyauro, uwa uba kar a kai ta shagon kwamfuta a manne ta cikin roba da zafi irin yadda ake yi wa takardar makaranta, wannan kashe ta ne murus don ba ta kara fitowa. A shimfida ta a tsakanin farar takarda mai tsabta a sa a wuri busasshe inda danshin damina da gara da kyankyaso ba za su kai ba. Sannan a tambayi tsofaffin gidan tun suna raye wa ya kawo ta, daga ina, me ya je yi, a rubuta a ajiye tare da ita, don ni da a ce na san zan damu haka da na zaunar da kakana na tambaye shi nawa ake canza fam da tamma a Jibiya a zamaninsa, da wa ke canzawar.

Kai kuma Malam Edita ga kokon barata. Babban bankin Najeriya yana da dakin tarihin kudi a hedkwatarsa ta Abuja, to amma yaron da ke Daura ko Illela ko Maigatari yaushe zai je can. Ku ware mana ko rabin shafi ne sau daya a wata, masu karatu daga Najeriya da Nijar da zangon Kumasi da Garwa da Sudan su dinga daukar hoton abin da ke adakarsu gaba da baya suna turowa kuna bugawa, mu da muka dan san kan abin mu dinga bayanin wane banki ne, wace shekara ce, ba tare da an ambaci sunan mai ita ko unguwarsu ba saboda barayi. Ni zan fara turo ukun nan na kakana da rabin nan da na tsinta a bakin kwata, in kun amince ku sanar a fitowa ta gaba.

Na gode, Allah ya kara wa jarida daukaka.

Naku,
wani mai tara tsofaffin kudi, daga Katsina